Farin Murjanin da Na Rataya a Falo

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na rubuto miki wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa a nan inda kowa zai gani, tunda shekara biyu ke nan ba kya ɗaukar wayata. Ba tarbiyyar da na ba ki ba ke nan, ke ma kin sani.

Kin tuna hoton da kika aiko mini daga tsibirin da kike aikin binciken teku? Murjani ne a ƙarƙashin ruwa, fari fat kamar an wanke shi da bula. Na kai shi unguwar Glass aka yi masa firam, na rataya a falo. Duk matar da ta shigo sai na nuna mata inda 'yata take aiki, in ce ta dubi tsabta.

Da kika zo hutu kika gan shi, kika tsaya da jaka a hannu. Kika ce murjani halitta ne mai rai, idan ruwa ya yi zafi launinsa ke guduwa, in zafin ya daɗe ya mutu. Kika ce gawa na rataya. Kika ce kafin jikokina su yi furfura da wuya a sami mai rai, kifin da ke fakewa a cikinsa kuma zai bi bayansa. Da a nan kika tsaya, da na yi shiru. Amma a gaban baƙi kika ce man fetur da ake ƙonawa ne ya jawo zafin.

Rakiya, ma'aikatan mai ne suka raya shagon babanki a Owendo. Da cinikinsu aka sa ki makaranta, da shi kika hau jirgin da ya kai ki inda kika koyo wannan magana. Na ce ki fita mini daga falo sai kin koyi godiya. Kika fita da gaske.

Ban janye maganar godiya ba. Amma na ɗauko littattafan da kika bari, na karanta da ɗan Faransancina na sakandare, ƙamus a gefe. Wata uku ina neman shafin da za a ce ga magani. Abin da na tarar shi ne, ko yau aka daina ƙona mai, zafin da ya riga ya shiga ruwa ba zai fita da wuri ba. Kuma ba za a daina ba. Kullum sai na ga sabuwar mota a titin bakin teku, maƙwabta suna yi wa mai ita barka.

Ƙanwarki ta ce kin rame, kin daina shiga ruwa, kina wuni a ɗaki. Yanke ƙauna zunubi ne, ni na koya miki. Ga shi yau ban san abin da zan ce ki sa rai da shi ba.

Na tambayi limamin unguwarmu ko akwai addu'ar sanyaya teku, yadda ake roƙon ruwa lokacin fari. Ya yi murmushi, ya ce bai taɓa jinta ba.

Ba zan iya gyara miki teku ba, ɗiyata. Ki dawo gida ki yi baƙin cikinki a gabana, inda zan ga ko kin ci abinci.

Allah Ya sassauta wa abin da ke cikin ruwa. In kuma wa'adinsa ya riga ya cika, Allah Ya bar mini ke.

Mahaifiyarki,
daga unguwar Nzeng-Ayong