Makwancin Sabitu a Garin Kan Dutse

Petralba, ƙasar Italiya

Zuwa ga Yaya Humaira, Dutsin-Ma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya Sabitu, ya ba mu dangana. Na rubuto wannan wasiƙa na turo miki hotonta ne domin abin da ya rage bakina ba zai iya faɗarsa ta waya ba.

Yaya, har yanzu ba a rufe shi ba. Yana ɗakin sanyi na asibiti, kuma kawo shi gida ya fi ƙarfinmu.

Garin nan bisa dutse yake, ƙasa ta yi musu ƙaranci. Maƙabartarsu dogon bango ce mai ramuka jere-jere kamar ɗakin tattabaru. A zura akwati, a liƙe da siminti, a manna hoton mamaci. Wanda aka sa a ƙasa kuwa, bayan shekara goma sai a tone shi, a tattara ƙasusuwan, a ba wani wurin. Haka suka gada, kuma ba su ganin aibunsa. Ramin da aka nuna mini za a ba shi can sama yake, kusa da rufi.

Na je wurin magajin gari, wanda suke ce wa sindako. Dattijo ne mai suna Saverio. Shi ya jawo mu garin nan lokacin da samarinsu suka watse birane, tumaki suka rasa makiyayi. Ya riƙe hannuna ya ce zai kai maganar majalisa, a yanka mana ɗan filin da ba za a taɓa tonewa ba.

Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata tukuna.

Ƙaninki,
Talha

*

Dutsin-Ma

Talha,

Wa alaikumus salam. Haƙuri ya zama dole.

Ka ce kada in gaya wa Inna. Da sauƙi a bakinka, tunda ba kai ke zaune gabanta ba! Ina Barkiya wurinta tun ranar da labarin ya zo, jiya na dawo. An yi sadakar uku, Fulanin Ɗantutture sun zo gaisuwa har da ƙwaryar nono, kowa na cewa Allah ya sa ya huta, ni kaɗai na san bai ko kwanta ba. Inna ta tambaye ni wa ya sa shi a kabari, wa ya juya shi ga gabas. Na tashi na ce zan duba tukunya.

Shi kuma wannan sindako naka, ɗan siyasa ko'ina ɗan siyasa ne. Mu ma nan ana riƙe mana hannu, musamman in zaɓe ya matso. Kada ka saki jiki da daɗin baki. Ɗan'uwana ya yi musu kiwo cikin sanyin da ya cinye masa ƙirji, yanzu taku biyu na ƙasa ya gagara?

Ina jin zafi, Talha, kuma ba da kai nake ba. Allah ya dafa maka.

Yayarka,
Aisha Humaira

*

Petralba

Yaya Humaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sami ɗan barci.

Kin yi gaskiya, zaɓe ya matso. Amma maganarmu ba ƙuri'a take kawo wa Saverio ba, kwashe masa take yi.

An yi zaman majalisa a gabana, kuma sun ƙi. Ba zan ce miki ƙiyayya ce zalla ba. Wata kansila mai suna Donata, wadda ke neman kujerarsa, ta miƙe ta ce bara aka tone mahaifiyarta, ta tsaya tana kallo ba ta ce uffan ba, domin doka ce. Ta ce da wane ido za ta dubi mutanen gari in aka ba baƙo abin da aka hana uwarta?

Da aka watse, Saverio ya ja ni maƙabarta, can ƙarshe gindin wani zaitun. Tsofaffin gidajen garin suna da filin gado wanda doka ba ta taɓawa, kuma gidansu na ciki. Saura wurin mutum ɗaya, kusa da kabarin matarsa, wanda ya ajiye wa kansa. Ya sa na buɗe waya na nuna masa alƙibla, ya auna da sandarsa, ya ce zai isa.

Na ce, "Kai fa?" Ya nuna bango da haɓa. Ya ce, "Tun muna amare take ƙorafin munsharina, bari ta huta." Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. 'Yarsa ta daina yi masa magana.

Yaya, matar Kirista ce, akwai gicciye a kanta. Ba zan iya yanke wannan ni kaɗai ba. Dole Inna ta ji.

Naki,
Talha

*

Barkiya

Talha,

Salamun alaikum. Na gaya mata, ban rage komai ba.

Na fara biyawa Kurfi wurin Malam Nu'uman. Ya ce lalura ce, a sa shi a ƙasa ya fi a bar shi a sanyi, a dai fuskantar da shi gabas.

Inna ba ta yi kuka ba. Faɗa ta yi mini da na bar ta tana amsa gaisuwa ɗanta na kwance ba sutura, kuma na cancanci faɗan. Sannan ta ce, "Shi mai wurin, ina za a sa shi in tashi ta zo?" Na ce a bango. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ku rufe mini ɗana yau, kada ku kai gobe. Shi ko dattijon, a hwaɗa mishi Sabitu bai da hayaniya, tun yana yaro bai taɓa ɓata wa maƙwabci rai ba. Matarshi ba za ta yi kuka da shi ba."

Abin da na faɗa a kan mutumin nan, na janye. Allah ya yi maka albarka.

Humaira

*

Petralba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da jinkirin rubutu.

Kamar yadda na gaya miki ta waya, mun rufe shi, da hannuna na juya shi ga gabas. 'Yan'uwa Musulmi sun zo daga garuruwan kusa muka yi masa salla. Mutanen gari sun rufe shaguna sun biyo mu a ƙafa, kamar yadda suke yi wa nasu.

Ranar Lahadi aka yi zaɓe, Saverio ya faɗi. Na je yi masa jaje, na tarar da shi gindin zaitun yana cire ciyawa. Na isar masa da saƙon Inna. Ya cire hularsa. Daga baya ya ce in gaya mata kada ta damu, yanzu ba shi da ofis, kullum zai riƙa zuwa yana duba su su biyu.

Ki gaida Inna.

Talha