Ɗigon da Ya Tsaya a Hanyar Abuja

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Paulina, maƙwabciyata, ta ja ni kallon wani wasa da la'asar. Wai na cika zaman ɗaki tun rasuwar ƙanena Zaharadeen. Wani saurayi Boaz ne ya shirya. An rurrufe tagogin zauren, duhu ɗulum, sai farin bango.

Ya ce ya tattara bayanan wayoyin masu bin hanyar Keffi zuwa Abuja na bara, ba suna. Kowace waya ɗigon haske ce, tana da ƙararta. Da asuba ɗigogin suka malalo daga Keffi kamar tururuwa, sautin ya yi ta kumbura har na ji shi a haƙorana. Da yamma su dawo. Kwanan wata na juyawa a ƙasan bango.

Sai ga ranar da Zaharadeen ya rasu a hanyar. Ban nema ba, idona ne ya faɗa kai. Kafin Masaka ɗigo ɗaya ya tsaya cak. Sauran suna ta kewaye shi suna wucewa. Ƙararsa ba ta ɗauke ba, siririya, doguwa.

Can ya motsa. Ya juyo gida.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na kasa cin abinci. Ya juyo fa. Na gani.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na koma ni kaɗai. A daidai wurin ya sake tsayawa. Bayan an kunna fitila na tare Boaz, na tambaye shi mai ɗigon.

"Hajiya, wallahi ban san ko na wane ne ba," in ji shi. "Lambobi kawai aka ba ni."

Na ce to me ya dawo da shi? Ya dubi kwamfutarsa, ya ce wayar ta shigo Keffi bayan la'asar, ta tsaya wajen Gangaren Tudu, daga nan ba ta ƙara fitowa ba.

Unguwarmu.  Ni ce na karɓo wayar Zaharadeen a hannun direban da ya taimaka masa ranar, na sa a jaka, muka biyo motar gawa. Ashe kaina na zauna ina kallo, ina murna wai ya dawo.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Firij ya yi irin ƙarar nan. Na cire shi daga wuta. Paulina ta ce, "Anti Zulai, da na sani ban kai ki ba." 

Asabar, 11 ga Nuwamba

An tashi wasan, sun kwashe kayansu. Na leƙa, bango ne kawai, har da tsagewa.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Matar Zaharadeen, Ummu Salma, ta daɗe tana roƙo in zo Nyanya in ga ɗansu, ina ce mata aiki. Yau na shiga mota. Da muka kusa wurin da ɗigon ya tsaya na ce direba ya rage gudu, ya harare ni amma ya rage. Wata mata ce ke gasa masara a gefen titi, shi ke nan.

Yaron ya fara tafiya. Kunnuwan ubansa sak. Na ce wa Ummu Salma wataƙila in dawo Asabar, in hanya ba cunkoso.