Gwangwani Shida na Takardun Tsintuwa

Assalamu alaikum Hajiya Hamida. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Tun ina amarya a Katanga ba na iya tsallake takarda mai rubutu a ƙasa. Haka Innarmu ta koya mana: wanda bai iya karatu ba bai san inda sunan Allah yake ba, sai ya ɗauke duka. Wasu a tsagar bango suke cusawa, ni kuwa a gwangwanin madara. Hanyar gonar albasa, kasuwar Jega, bakin rijiya, duk inda na gani sai na duƙa. Na cika gwangwani shida kafin in iya karatu. Ranar da na iya na buɗe ɗaya, na tarar yawanci tallar maganin basir ce da yagen buhun taki. Na yi dariya har da hawaye, amma na kasa zubar da takardun.

To, 'yata ta fari, kin san ba zan kama sunanta ba, tana jami'a a Aliero. Da ta zo hutu ta ɗauki gwangwani biyu ban sani ba, ta sa almakashi ta yayyanka layi-layi, ta liƙa a kwali. Wai waƙa ce. Ni waƙar da na sani mutum ke tsarawa daga kansa, da amshi, a rera. Wannan ko kalma ɗaya ba tata ba ce. Ga kaɗan:

A ajiye a inuwa
nesa da hannun yara
ina gaida Inna da kowa da kowa
kada a buɗe sai ranar shuka

Layin farko da na ƙarshe na buhun iri ne, na biyu na takardar magani, na uku guntun wasiƙar wani ne da ban sani ba. Abin da ya ɗaure mini kai, Hajiya, da na karanta sai na tuna ƙanena da ya tafi kudu shekara takwas bai leƙo gida ba. Ta yaya buhun iri zai sa mutum hawaye?

Duk da haka na yi mata faɗa sosai, na kulle sauran huɗun a adaka. Ƙarshen watan nan za su yi taron marubuta a makaranta, ta ce ba za ta karanta ba sai da yardata. Kwana tara ke nan da komawarta makaranta, in ta bugo waya gaisuwa kawai muke yi. Ina tsoron kada ta yanka sunan Allah. Ina tsoron ko satar maganar mutane ce. Kuma kada a ce 'yar wance ta zautu, tana bin tarkace. In bar ta ko in hana?

Uwa mai zullumi, daga Katanga

Wa'alaikumus salam, Baiwar Allah. Rubutunki ba ya buƙatar neman afuwa.

Kina da gaskiya a wuri guda: bai kamata ta taɓa ajiyarki ba ta tambaye ki ba, kuma ya dace ta ba ki haƙuri. Tsoronki game da sunan Allah ma a kan hanya yake. Duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunansa, a ware ta, ki tambayi malamin unguwarku yadda za a yi da ita.

Amma ba sata take yi ba, tunda ba ta ɓoye inda ta samo ba. Marubuta a ƙasashe da dama sun daɗe suna irin wannan waƙar. Gwanintar tana wajen zaɓe da jerawa, kamar mai faifai da ba ita ta shuka kaba ba. Wanda ya buga "a ajiye a inuwa" iri yake nufi. 'Yarki ce ta ajiye shi kusa da gaisuwar Inna, har ya tuna miki ƙanenki. Wasiƙun mutane kuwa, ta cire duk suna da abin da zai tona asirin wani.

Batun zautuwa, ki huta. Yarinyar da ta gama aikinta ta tsaya jiran izinin uwarta, hankalinta ɗaya ne.

Ki kira ta yau, kada ki jira ta bugo. Ki ce ta karanta. In ta zo gida ku buɗe adakar tare, ke ki karanta kowace takarda da babbar murya kafin almakashi ya taɓa ta. Wadda kika ce a'a, a'a ce. Ranar taron kuma ki shiga mota zuwa Aliero, ki zauna a gaba.

Allah ya shirya tsakaninku, ya ƙara miki hasken karatu, ya dawo da ƙanenki gida lafiya.

Hajiya Hamida