Diddigen Rabi a Bangon Lyon

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina Malam da yara? Ya ciwon gwiwarki? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar Asabar na je Lyon, inda malaman Rabi, Allah ya jiƙanta, suka rataye aikin da ta bari. Kin tuna yadin da take shimfiɗawa, ta shafa shuni a jiki ta mirgina a kai, ni kuma ina faɗan ɓarna? Har ɗaya na taɓa wankewa.

Na shiga da fargabar kada a yi wa ɗiyata dariya. Yaya, sai ga mutane tsaye tsit! Wata Baturiya ta ce teku take gani. Da ɗan Faransancina na ce, "A'a Madam, haka hannun kakarta yake lanƙwasa in tana shafen ɗaki. Ga diddigen Rabi nan, har da tabon garwashi." Malamin Rabi ya ce in maimaita da ƙarfi, aka yi ta tafi. Na yi kuka, amma ba irin na ranar jana'iza ba.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce mata hannunta ya iso Faransa.

Ƙanwarki,
Zuwaira