Dambun Kaka a hannun Rabi

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, ina maigidanki da yara, ina zaman Kwatano? Mu nan Filinge lahiya lau, an gama yankan hatsi, ciwon ƙafar Inna ma ya yi sauƙi.

Kin tuna Rabi, ƙawata ta bayan masallaci? Ta fara saida dambun zogale a bakin tasha. Ni na koya mata, Yaya, har yadda marigayiya Kaka ke sake soya ƙuliƙuli kafin ta daka. Shekara nawa ina cewa sai na samu rumfa da benci zan fara? Ita ko ta aza roba ɗaya bisa tabarma, ta zauna. Yanzu direbobin garin Abala layi suke yi mata.

Ba layin ne ya ci mini rai ba. Ranar da ta fara, kwanon farko Inna ta kawo wa don ta sa mata albarka. Inna ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Hannun marigayiya ya dawo." Ina zaune gefe ina tankaɗe fa! Ta dafa kan Rabi tana ta shi mata albarka, ni ko amin ɗina iyakarta baki.

Na sayi zogale. Lahadi zan fito, da rumfa ko babu. Ki taya ni addu'a Allah ya wanke mini zuciya, don har yau ina son Rabi. Ki gaida yara. Rabi ma tana gaishe ki, na isar. Amma ranar da kika zo, dambuna za ki fara ci.

Ƙanwarki,
Zali