Jitar da ke Amsa Tari

Daga Anka, zuwa ga jikana Sufyanu, maigidana da bai taɓa kawo cefane ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sa albarka a sana'arka, Ya tsare ka daga sharrin Kaduna da 'yan matanta. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ta ce ita ma ta yi ritaya. Ƙanwarka Safara'u ta gama wankan jego ta koma ɗakinta Gummi, ta kwashe jaririyar da duk hayaniyar gidan. Babanka yana Bukkuyum wurin aiki, hanya ba ta barin shi zuwa yadda yake so. Saura ni da akuya, ita ma ba ta cika magana ba. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne. Waya kuwa sai an hau tudu take kamawa, ni kuma na bar hawa.

Saƙonka ya iso ta bakin Lado direba, cewa a gyara babbar jitar nan da ka rataye a ɗakina, mai tsirkiya huɗu da murya irin ta bajimi, a ba shi ya kai maka. Ya ce ka ce ziza take yi, don zafi ya motsa itacen, tsirkiya tana taɓa ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyanta. Ya miƙo mini ɗan lanƙwasasshen mabuɗin da ka aiko, ya biya mini bayaninka kamar mai ba da hadda.

Na aika aka kira Shitu mai garaya, abokin marigayi kakanka. Da ya kaɗa ta ya ji, sai ya tambaye ni ina cutar take. Ya ce shi ƙarfe mai zobba yake liƙa wa garayarsa don ya sami wannan ƙarar, ku Allah Ya ba ku kyauta kuna kuka, kuma kiɗan da babu ziza miya ce babu daddawa. Har ya so ya ƙara mata zobba, sai da na ce masa yaran yanzu lami suke so. Ya danne tsirkiyar sama da ƙasa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya yarda ta kwanta a kan ƙarfe. Ya zura mabuɗin ta ramin cikinta ya sassauta kaɗan yadda ka ce, muka bar ta ta kwana. Washegari da sauran zizar, sai ya saki tsirkiyoyin, ya fere ƙaho siriri kamar ɓawon albasa, ya cusa ƙarƙashin farin ƙashin da suke hawa, wanda shi yake kira jaki. Ya ɗaure, ya kaɗa, murya ta fito tas kamar ladanin da ya sha zuma.

To ga abin da ban gaya wa Lado ba. Tun tafiyarka, jitar nan ce abokiyar hirata. In na yi tari, ta ce zirr. In na turo ƙyaure, ta ce zirr. In injin niƙan maƙwabta ya tashi, sai ta yi ta gunaguni kamar kakanka in an makara da fura. Nakan yi sallama da ƙarfi in zan shiga ɗaki, ta amsa. Har tatsuniyoyinku na dā na yi mata, kuma ba ta taɓa ɓingirewa da barci a tsakiyar labari ba kamar wani mai ƙaton kai da na sani. Da Shitu ya warkar da ita, sai ta yi gum. Na yi tari har ƙirjina ya yi ciwo, shiru. Ranar na san ɗakin nan yana da girma.

Ai na ga yadda Shitu ya yi. Na saki tsirkiyoyin, na sa tsinken tsifa na zaro ƙahon, na ƙulle shi a bakin zanena. Muryarta ta dawo, ko da ba kamar dā ba. Da Lado ya zo ɗauka na ce masa gyara bai ƙare ba, kuma Allah Ya sani ban yi ƙarya ba.

Lado ya ce kana da aiki da ita bayan Sallah, ni kuwa ba zan tsaya tsakaninka da abincinka ba. Amma zumunta a ƙafa take. Ka zo ka mayar da ƙahon da hannunka, ka ci tuwona, ka yi mini musu yadda ka saba, sannan ka saɓa abarka ka tafi, ba zan yi kuka a gabanka ba. In kuwa ka tambaya aka ce hanya ba kyau, kada ka kuskura ka taso. Ka aiko Lado, zan ba shi ita da ƙahonta. Shiru ba ya kisa, Sufyanu, ya dai fi zama da wuya.

Ka gaida gwaggonka Lubabatu da maigidanta Mas'ud, da Muhsina 'yar autarsu, ka ce mata ina nan da haƙorana biyu ina jiran goron bikinta. Shitu yana gaishe ka, ya ce Allah Ya shirye ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce kakarka,
Inna Sahura