Hirar da Inna Ta Bari a Wurno

Wurno, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Fatsuma da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan Inna, shi haskaka kabarinta.

Na koma aiki kwana biyu bayan sadakar arba'in. Ina cin abinci, ina barci, wanda ya yi mani gaisuwa in amsa. Har yau ban yi kuka ba, kuma na daina jira.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. Ka san aikina a cibiyar nazarin rayuwar mata: in shiga ƙauyuka da na'ura in ɗauki hirar tsofaffin mata, in dawo in rubuta, a ajiye a ɗakin karatu don masu bincike da matan da ke zuwa koyon karatu. Ranar da na koma, shugabarmu Malama Zakiyya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Zauna, Mashkura. Akwai amanar da anka ba ni, lokacinta ya yi."

Ta miƙo mani takardar yarda irin wadda nake bai wa mata su dangwala. Sunan da ke kai na Inna ne: Mairo Abubakar, daga Magarya. Ashe bara Inna ta zo cibiya sau shida, duk ranar Talata, ranar da nake tafiya Rabah. Malama da kanta ta ɗauki hirar. Inna ta sa sharaɗi: kada ɗiyanta su ji sai an rufe ta, bayan nan a ajiye inda kowace mace za ta iya ji.

Na sa hirar a kunne na rubuta kamar yadda nake rubuta ta kowa. Shafi arba'in da ɗaya. Abu biyu ya kamata ka sani. Ta san da ciwon tun daminar bara, ta ɓoye mana. Na biyu, shekara huɗun da idon Baba ya yi rauni, ita ta riƙe fadamar albasa, daga shuka har cira. Da asuba take kai shi gona, ta zaunar da shi ƙarƙashin mangwaro, ta yi aikin. In masu saye sun zo, shi ke magana. Garin duka ya ɗauka shi ne manomin.

Ran ɗaya ga wata za a sa hirar a ɗakin karatu. Ban so ka ji a bakin wani ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Mashkura

Goronyo, 14 ga Satumba

Mashkura,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, Fatsuma na gaishe ki. Takardarki ta iske ni gona, direban da kinka ba ya biyo ni har bakin injin ban-ruwa.

Ba ni da dogon zance. A goge abin nan. Mi za a yi da muryar uwarmu cikin na'ura, baƙi na shigowa suna saurare? Baba ya mutu da mutuncinshi. Magarya kowa ya san shi da noman albasa, har yau in na hwaɗi sunanshi kasuwa ana ba ni wurin zama. Yanzu so kuke a ce makaho ne da anka zaunar gindin itace? Inna ta ruhwa mashi asiri shekara talatin. Ciwo ne ya sa ta magana, kuma ku kunka sa mata na'ura gaba.

Akwai abin da ban hwaɗa maki ba ran zaman makoki. Ranar da ta cika, sau biyu ta tambaye ki. Kina Rara kina ɗaukar labarin uwar wasu. Ban ce laihinki ba ne, kwana ya ƙare. Amma wagga cibiya ta ci daga gidanmu abin da ya isa.

Ki hwaɗa wa Malamarku ni ne babba, ban yarda ba.

Allah shi kiyaye.
Yayanki,
Sa'adu

Rara, 24 ga Satumba

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kowa na gida. Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ya kawo ni ƙasar Rabah, daga nan nake rubutawa.

Gaskiyarka ce, ina Rara ranar. Yau ma a ɗakin da na yi hira ranar nake zaune, matar da ban gama hirarta ba ta ce in dawo mu ƙarasa. Na karanta layin da ka ce ta tambaye ni sau biyu. Na sake karantawa. Na naɗe takardar na ci gaba da aiki. Ban san mi ya same ni ba, Yaya. Kamar labarin wata anka ba ni.

Na kai wa Malama saƙonka. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Yayanki na da haƙƙi a kan mahaifinshi. Amma maganar ta Mairo ce, ita ta dangwala. In na goge don ɗanta ya ce, mi zan hwaɗa wa sauran mata ɗari biyun da sunka yarda da mu?"

Na ce, "In ni na roƙa fa?"

Ta ce, "Kina roƙo?"

Ban roƙa ba. Ta ɗage ranar zuwa ƙarshen Oktoba don ka samu lokaci.

Ba ciwo ne ya sa ta magana ba. A hira ta biyu Malama ta tambaye ta ko a canja sunaye, kamar yadda muke yi wa masu so. Ta ce, "A bar suna. Ni na yi aikin, shi ya yi haƙurin zama. Duka biyun ba abin kunya ba ne." Ta kuma ce Baba ne ke gane albasar da ta isa cira, da hannu kawai, yana lalube, kuma bai taɓa kuskure ba. Ta yi dariya a wurin. Rabon da in ji dariyarta haka na manta.

Shekara bakwai ina tambayar mata yadda sunka rayu. Ban taɓa zaunar da Inna na tambaye ta ba. A hira ta ƙarshe Malama ta ce mata, "Ga ɗiyarki nan, aikinta ke nan." Ta ce, "Mashkura in ta ji za ta bar aiki ta zauna jinya. Ku bar ta ta tahi."

Ba zan roƙi a goge ba. In hakan zai raba mu, na ji, ban da ƙarfin yin gardama. Na saka maka katin waya cikin ambulan, duka shidan na ciki. Kai ma ɗanta ne, kada ka yanke hukunci a kan rubutuna.

Allah shi bar zumunci.
Mashkura

Goronyo, 19 ga Oktoba

Mashkura,

Salamu alaikum. Muna lahiya.

Katin ya yi sati uku aljihuna. Jiya bayan la'asar na kashe inji na sa shi. Na ji ta ɗaya da ta biyu. Cikin ta ukku, inda ta hwara zancen ranar da anka haihe ni, na tsaida.

Ban ce na yarda ba. Ban kuma ce a goge ba. Ran Alhamis zan shigo Wurno da motar sahe. Ki tambayi Malamarku ko ana barin namiji shi zauna ɗakin karatun. Sauran ban iya jin su ni kaɗai.

Ki ci abinci.

Yayanki,
Sa'adu